Zauren Bakanike: A Tayar da Land Rover ɗin Baba ko a Kira 'Yan Gwangwan?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, direban soja ne. Da ya yi ritaya sai ya sayi wata doguwar Land Rover a gwanjon motocin soja, yana ɗaukar taki da hatsi da ita. Tun rasuwarsa take ajiye a gindin darbejiya, tayoyi sun sace, har kaji na ƙwai a ciki. Yayyena sun ce a kira 'yan gwangwan su auna ta a raba kuɗin. Ni kuwa a cikinta na koyi tuƙi, kuma jikinta babu tsatsa ko ɗigo. Za ta tashi kuwa?
Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan tsoho, Ya kai haske kabarinsa.

Ɗana, kada kyan jikin nan ya ruɗe ka. Lokacin da kamfanin Rover ya fito da wannan mota a 1948, ƙarfe ya yi wuya a Ingila saboda ba a daɗe da gama Yaƙin Duniya na Biyu ba, sai suka yi bodin da alminiyam. Alminiyam ba ya jan tsatsa, shi ya sa za ka ga ta shekara hamsin tana sheƙi. Amma casis ɗin da ke ɗauke da ita ƙarfe ne, kuma can ciwon yake ɓuya. Shimfiɗa buhu ka shiga ƙarƙashinta da tocila da ƙaramar guduma, ka bi casis kana ƙwanƙwasawa daga gaba har baya. Lafiyayyen ƙarfe ƙara yake yi tangaran. Ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum, ɓawo na zubo maka a fuska. Ka tsananta dubawa a ƙarfen da ya gitta can baya inda ake ɗaura tirela, da kunnuwan da sifirin ke rataye, da bangon da ya raba inji da direba, musamman wurin taka ƙafa. Bushewar ƙasarmu tana taimaka wa waɗannan motoci ƙwarai. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne takin da ka ambata, don takin zamani in ya sha ruwa cin ƙarfe yake yi ba sani ba sabo. Rami ɗaya ko biyu, mai walda zai yanke ya sa sabon faranti. In guduma ta dinga faɗawa ciki ko'ina, to yayyenka sun fi ka gaskiya.

Ba ka faɗi shekarunta ba, amma fuskarta za ta gaya maka. In fitilun suna tsakiya, kusa da juna a gaban lagireto, ta girmi 1970. In suna gefe bisa fukafukai, ragar gaban ta roba ce, agogunan kuma suna gaban direba, Series III ce, wadda aka yi daga 1971 zuwa 1985. Sitiyari a dama kuma yawanci alama ce ta shigo kafin Afrilun 1972, lokacin da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama.

Injin shi ne abin da ya fi ba ni ƙwarin gwiwa. Yawancinsu mai silinda huɗu ne, lita 2.25, kuma ban san injin da ya kai shi haƙuri ba. Sai dai kada ka ɗaura batir ka murza makulli a ranar farko. Cire fulogogi, ka zuba ɗan baƙin mai a kowane rami, ka bar shi ya kwana uku. Sannan ka nemo handul ɗin tayarwa, ka zura ta ramin bamba, ka juya a hankali. In ya juya, an gama rabin aiki. Sai juye tsohon mai, wanke tanki (na soja sau da yawa biyu ne, ɗaya ƙarƙashin kowace kujerar gaba), wanke kafireto, sabon kwantak da kwandansa. Ka kuma ƙirga gurbin batir. Waɗanda aka ƙera don ɗaukar rediyon soja wutarsu bolt 24 ce, batir biyu ake haɗawa, kuma koyil da kik da ƙwayayen fitila duk nasu daban ne. Na sha ganin yaran gareji sun sa kayan bolt 12 a irinsu, sun ƙone nan take, suna cewa motar na da aljanu. In kayan sun gagara samu, mai wayarin da ya san hannunsa zai mayar da ita 12 gaba ɗaya.

Ko ta tashi, kada ta taka titi sai an sauya duk robobin birki da tiyo-tiyonsa. A zuba man giya mai lamba 90 a giya, da akwatin da ke raba ƙarfi gaba da baya, da aksil biyu, da ƙwallayen nan masu sheƙi na bayan tayoyin gaba. Sandar nan mai rawayan kai, in ka danna ta ƙasa, ƙafa huɗu ke ja. Mai jan kai in ka jawo ta baya, giyar ƙarfi ce ta hawan dutse da fita daga laka. Dukansu ba na kwalta ba ne. Mai yawo da ƙafa huɗu a kan kwalta shi ke karya shaf.

Kaya kuwa, ka fara da Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano, ka tafi da tsohon a hannu don gwadawa. Yawancin nototinta na inci ne, sufanar milimita za ta cinye musu kai kawai. In kana da wani a tsaunin Mambila, ka riƙe shi da kyau, don a wajen Gembu har yanzu waɗannan tsofaffi ne ke hawa da kaya, kuma kanikawan can sun san su ciki da waje. Za a ba ka shawarar jefa mata injin dizal na Japan saboda shan mai. Gaskiya tana sha. Amma giyarta ba a yi ta don ƙarfin da ya wuce nata ba, kuma ni dai in nawa ne, injin da tsoho ya saba jin kukansa shi zan bari.

Saura abu biyu da ba na sufana ba. Mota gado ce: a sa masu sani su yi mata kuɗi a gaban kowa, ka ɗauke ta a rabonka ko ka biya 'yan'uwanka, kafin ka kashe mata ko sisi. Sannan ka nemo takardar gwanjo da ta rajista a akwatin marigayi, kuma ka sauya mata fenti. Tun 1977 akwai dokar da ta hana farar hula hawa mota mai koren launin soja, kuma a halin tsaron da ake ciki ba wanda zai tsaya sauraron tarihin mahaifinka a shingen bincike. Ruwan ƙasa ko shuɗi ya ishe ta.

TAMBAYA: Oga, na ga wata babbar motar soja ƙirar Steyr ana sayarwa da araha. In saya don ɗaukar itace da yashi?
Daga wani direba a Azare.

AMSA: Malam, mota ce mai ƙarfi, kuma 'yar gida ce, tunda a nan Bauchi aka yi ta harhaɗa motocin Steyr da taraktocinsu da haɗin gwiwar kamfanin ƙasar Ostiriya. Amma araha ba ta ado. Kafin ka biya, zaga kasuwa ka tambayi famfon dizal ɗinta, da faifan kuloci, da taya mai girmanta. In ka samu biyu cikin uku a hannu, saya. In kowa na ce maka "za a nemo", motar abinci ba ta jiran a nemo.

TAMBAYA: Baba, musu ya kaure a majalisarmu: tsakanin jif da Land Rover wace ce babba?
Daga wani ɗalibi a Maraɗi.

AMSA: Jif ce yaya. Kamfanonin Willys da Ford na Amurka sun ƙera wa soja fiye da dubu 600 tsakanin 1941 da 1945. Land Rover ta gwaji ta farko ma, a 1947, a kan casis ɗin jif aka ɗora ta. Kakanninmu da suka je yaƙin Burma sun san jif tun kafin a haifi ƙanwar: sojojin Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, cikinsu har da Hausawa da yawa, su suka sare daji da adda da diga suka buɗe mata hanya ta fiye da mil 70 zuwa kwarin Kaladan. Wanda ya ce Land Rover, shi zai sayi shayin yau.