Ga 'yar'uwar da ke tambaya kan karɓar aiki a ƙungiyar agaji ta addini

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, tun jiya na ga tambayarki, cewa wata ƙungiyar addini mai hidimar al'umma ta ba ki aiki, albashin bai kai na kamfanin da kike ba, amma kowa yana ce miki zaman 'yan'uwa ake yi a can, kina son sanin ko gaskiya ne kafin ki ajiye na hannunki. Shekara tara na yi a irin wannan wuri. Na fara da rubuta sunayen masu neman tallafi, na ƙare ina riƙe da sashen marayu.

Zaman 'yan'uwan nan gaskiya ne, na gani da idona. A shekarata ta uku mahaifiyata ta kwanta asibiti kusan wata biyu. Na je wurin shugabar sashenmu ina ta lissafin kwanakin hutun da suka rage mini, ta ce, "Ajiye takardar nan, je ki kula da uwarki." Abokan aiki suka raba fayil-fayil ɗina a tsakaninsu, ba wanda ya taɓa yi mini gori. Haka kuma ake yi wa masu zuwa neman taimako. An hana mu ɗaukar hoton mutum yana miƙa hannu yana karɓa, an hana mu kiran kowa da lambar fayil. Shugabar takan tuna mana ayar Suratul Baƙara da ta ce kada mu ɓata sadakokinmu da gori da cutarwa. Idan kika saba da wannan, da wuya wani ofis ya sake burge ki.

Sai dai abin da ba wanda ya gaya mini shi ne, wannan kirkin da kansa yana ɗaure baki. Wanda ya tsaya miki ranar da uwarki ba ta da lafiya, da wane ido za ki dube shi ki ce albashi ya yi mako uku bai shigo ba? Kara ta hana ki, kunya ta hana ki. Idan kika daure kika yi magana, wani zai ce, cikin murmushi kuma ba da mugun nufi ba, "Ai aikin lada ne, a yi haƙuri." Shekara huɗu na yi ban nemi ƙarin albashi ba, aikina kuwa ya ninka. Ba wanda ya zalunce ni da gangan. Ni ce na ɗauka neman haƙƙina zai rage mini lada.

Wani dattijo mai kula da asusunmu ne ya warware mini. Ya ce in buɗe Suratut Tauba aya ta 60. A cikin mutum takwas da aka ce a ba zakka har da ma'aikatan da ke tattara ta. Ya ƙara da hadisin da Ibn Majah ya rawaito, cewa a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Wata abokiyar aikinmu Kirista tana wurin, ta ce su ma a Linjilar Luka an ce ma'aikaci ya cancanci ladansa. Ranar na koma gida na rubuta takarda, aka kuma yi mini ƙarin ba tare da ja-in-ja ba. Ashe jira ake in tambaya.

Saboda haka kafin ki sa hannu, ki nemi komai a rubuce. Kwantiragin na shekara nawa ne, sa'o'in aiki nawa, ya ake biyan aikin ranakun hutu, akwai hutun haihuwa da fansho da inshorar lafiya? Mafi muhimmanci, ki tambaya daga wane asusu albashinki zai fito. Mutane da yawa ba su san kuɗin irin waɗannan ƙungiyoyi a ɗaure suke ba. Abin da aka bayar don marayu ba a taɓa shi don biyan haya ko albashi, amana ce, kuma masu binciken kuɗi suna bin kowane rasit. Idan kujerarki tana rataye da wani shiri da mai ba da tallafi ya ɗauki nauyi na shekara biyu, ranar da shirin ya ƙare kujerar ta tafi, komai son da suke miki. A watan Janairun 2025 da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙasashen waje, ƙungiyoyin agaji da dama, har da manyan na addini, sun sallami ma'aikata. Ƙungiyar da ta dogara da gudummawar mabiya da waƙafi albashinta kan yi ƙasa, amma ta fi jure irin wannan girgiza.

Batun addinin ma ki tambaya kai tsaye, don ƙungiyoyin ba ɗaya ba ne. Wasu suna ɗaukar kowa aiki, wasu sai mabiyinsu, wasu shugabanci kawai suka keɓe. Ki san ko addu'ar safe dole ce ko ganin dama. Ki kuma lura da yadda ake rabon taimako. Akwai ƙa'idojin aikin agaji da Red Cross da manyan ƙungiyoyi suka fitar a 1994, inda aka ce buƙata kaɗai ake dubawa, ba addini ko ƙabila ba, kuma ba za a yi amfani da agaji don jawo mutum zuwa wani ra'ayi na addini ko siyasa ba. Caritas ta Katolika da Islamic Relief, wadda aka kafa a Birmingham ta Ingila a 1984, duk sun sa hannu a kai. A wurinmu ba a taɓa tambayar mabuƙaci inda yake ibada ba. Idan kika ga ana sa wa mai yunwa sharaɗi, ki san da wa kike aiki.

Sannan akwai gajiyar da barci ba ya maganinta. A shekarata ta shida na lura in uwa tana ba ni labarin yaranta tana kuka, ni agogo nake kallo. Na tsorata, na zaci imanina ne ya yi rauni. Daga baya na karanta cewa Herbert Freudenberger, masanin halayyar ɗan Adam, ya bayyana wannan hali tun 1974, kuma a jikin masu aikin sa-kai na wani asibitin kyauta a New York ya fara ganinsa, wato mutanen da suka fi kowa ba da kansu. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana shi a matsayin matsalar da wurin aiki ke haifarwa. A ofishin addini wannan ya fi wuyar faɗa, domin kowa yana jin kunyar a ce ya gaji da aikin Allah. Abin da ya cece ni shi ne na daina ba da lambar wayata ta gida, na kuma fara ɗaukar hutuna cikakke. Salmanul Farisi ya gaya wa Abud Darda'i cewa kanka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka ma suna da haƙƙi, Annabi (SAW) kuma ya gaskata shi.

In kina son gwada ko kirkin nasu na gaske ne, kada ki tsaya kan yadda aka tarbe ki ranar intabiyu. Ki gaisa da direba da mai shara, ki ji shekara nawa suka yi da kuma ko ana biyansu a kan lokaci. Ki nemi wanda ya bar wurin ki ji yadda aka rabu da shi. Ki tambaya wa ake kai wa ƙara idan shugaban ne ya yi laifi, musamman in shugaban malami ne ko fasto da kowa ke jin nauyinsa.

Ni na bar su ne da yarana suka shiga sakandare, lissafin gida ya ƙi fita. Na faɗa musu gaskiya, suka rubuta mini takardar shaida mai kyau, har yanzu ina zuwa ranar Asabar in taya su rajista. Ba ki faɗi yawan tazarar albashin ba, ba ki kuma ce ko akwai masu dogaro da ke ba. In kin rubuto waɗannan biyun, sai mu zauna mu yi lissafin tare. Allah Ya zaɓa miki mafi alheri.