Tambayar yaro kan shingen numbat

Yaro, ka ce me ya sa muke asarar raga muna shimfiɗa ta a gindin shinge, sannan mu bar samansa yana lilo kamar aikin malalaci. Da ba don ka tono mini wani tsohon miki ba, da cewa zan yi je ka buɗe ido ka gani.

San abin da kake tsarewa tukuna. Numbat bai fi kurege girma ba, nauyinsa wajen rabin kilo, jikinsa ja-ja, bayansa da ratsin fari. Dangin kangaru ne, amma macen ba ta da aljihu, 'ya'yanta huɗu nono suke maƙalewa. Abincinsa gara kawai, har 20,000 a yini, da dogon harshe yake lasarta. Da rana yake kiwo, ya kwana a kogon gungumen wata bishiya da ake kira wandoo da ya faɗi. A da ya cika kudancin Ostireliya, amma yanyawar da Turawa suka kawo don farauta da magen da ta koma daji suka cinye shi, sai a dazukan Dirayandara da Ferub, nan yammacin ƙasar, ya tsira.

Mage hawa take, yanyawa tono. Shi ya sa tsayin mita 1.8, saman ya lanƙwaso waje sako-sako, mage ta kama ya sunkuyo da ita ta faɗo. Yanyawa kuwa a gindi take fara tono, sai ta ci karo da raga. Kafa dirka da jan waya ba zan tsaya koya maka ba, wanda bai iya wannan ba ya koma gida.

Wani mai gona ya taɓa ba ni kwangila. Yana da daji mai numbat, yana son baƙi su riƙa biya suna kallo. Muka yi ciniki, ya ba da kafin alƙalami. Da muka iso gefen ƙorama sai ya ce ragar ƙasa ta yi tsada, wai wurin dutse ne, babu abin da zai tona. Na ce masa ruwa zai zaizaye. Ya ce gonarsa ce. Ya sayo wata siririyar raga mai arha, ya sa hannu a takarda cewa shi ya zaɓa. Ashe kuma a bayan idona yana kwashe gumagumai yana sayarwa itacen wuta, ɗakin kwanan dabbar ke nan fa! Ruwan hunturu ya sauka, ƙasa ta zaftare, yanyawa ta shige. Da ya kira ni, sashin wutsiyar numbat kawai na tarar a bakin rami, ga sawu sabo a laka. Mutumin nan bai ji kunya ba, ya bi gari yana cewa aikina ne na banza, ya riƙe cikon kuɗina, takardar ma ya ce bai san da ita ba. Kwangilar da nake jira a gaba ta suɓuce saboda bakinsa. Har yau in na wuce ta ƙofar gonar raina ɓaci yake.

Ku yaran yanzu kuna son zaga shinge a mota, ido na kan salula. Rami mai faɗin tafin hannu ba a ganinsa daga mota. Gobe da asuba kai za ka bi gefen ƙorama da ƙafa, ka ɗauki filaya da guntun raga, duk inda ka ga tsatsa ko sabuwar ƙasa ka ɗaura ƙyalle ka kira ni.