Shafin PHP ya kasa kiran waje, amma curl yana aiki a SSH

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina Agege ne a nan Legas. Na gina wa wani Alhaji mai sayar da kayan gwari a kasuwar Mile 12 shafin karɓar oda da PHP, a kan sabar AlmaLinux 9 mai Apache. Idan mai saye ya biya, dole shafin ya kira kamfanin karɓar kuɗi don tabbatar da biyan, sai ya fito da "Failed to connect ... port 443: Permission denied". Amma in na shiga sabar daga nesa ta SSH na buga curl (umarnin kiran adireshin intanet) zuwa adireshin, lafiya lau yake amsawa. Na buɗe ƙofa ta 443 a firewalld, wato katangar tsaron sabar, ba abin da ya canza. Alhaji ya fara ƙorafi.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Bayaninka ya kusa kai mu ga amsar, domin ka faɗi abu biyu masu muhimmanci: saƙon ya ce "Permission denied", wato an hana izini, kuma kiran yana wucewa daga SSH. Ina zargin SELinux, tsarin tsaro na Linux mai iyakance abin da kowane shiri zai iya yi.

Bari mu fara da ƙofar da ka buɗe. Abin da ka yi a firewalld na masu shigowa ne, wato baƙin da ke buɗe shafinka. Matsalarka kuwa ta fita ce, kuma firewalld a yadda yake zuwa ba ya hana fita. Da katangar tsaro ce ke tare kiran, da curl ɗinka na SSH ma bai wuce ba, tunda na'ura ɗaya ce, hanya ɗaya.

AlmaLinux, kamar Rocky da Red Hat, yana zuwa da SELinux a kunne. Shi ba sunan mai amfani kawai yake dubawa ba, kowane shiri yana da lakabin da yake aiki a ƙarƙashinsa. Apache (shirin da ke miƙa shafin) da php-fpm (mai gudanar da PHP) suna cikin lakabin httpd_t, kuma an hana wannan lakabin buɗe haɗi zuwa waje sai an ba shi izini. Kai da ka shiga ta SSH ba a tsare ka haka ba. Shi ya sa gwajin da mutane suke so, wato `sudo -u apache curl`, yake yaudara: ka sauya mai amfani, amma lakabin bai zama httpd_t ba, sai ka ga komai na tafiya.

Ka tabbatar kafin ka taɓa komai. Buga `getenforce`, in ya ce Enforcing, sai ka sake gwada biyan a shafin, nan take ka buga `ausearch -m avc -ts recent`. Idan ka ga layi mai `name_connect` da `httpd_t` da `dest=443`, to an kama ɓarawo. Maganin layi ɗaya ne:

`setsebool -P httpd_can_network_connect 1`

Kada ka manta da `-P` ɗin, don in babu shi gyaran zai ɓace ranar da sabar ta sake tashi, watakila ranar da oda ta fi yawa. Akwai ƙananan izini ma: `httpd_can_network_connect_db` na ma'ajiyar bayanai da ke wata na'ura, `httpd_can_sendmail` na aika wasiƙa.

Za ka samu masu cewa ka kashe SELinux gaba ɗaya ka huta. Ni ban yarda ba, musamman a shafin da kuɗin mutane ke bi. Dokar an sa ta ne don in wani ya samu cusa mugun fayil a shafinka, kada ya samu sauƙin kiran waje ko leƙa sauran fayilolin sabar. Buɗe izini ɗaya ya rage tsaron kaɗan, kashewa kuwa ya zubar da shi duka. `setenforce 0`, mai dakatar da hanin SELinux, na gwajin minti biyu ne, sannan a mayar da `setenforce 1`.

In binciken bai nuna komai ba, sa `curl_errno` da `curl_error` a cikin PHP ɗin ka karanta lambar. 6 na nufin an kasa fassara sunan adireshin, matsalar DNS ke nan. 7 an kasa haɗuwa. 28 an yi ta jira har lokaci ya ƙare, wanda yawanci alamar katanga ce mai haɗiye saƙo shiru, sau da yawa ta kamfanin da ka yi hayar sabar a wurinsa. 60 kuma matsalar takardar shaidar SSL ce, wadda ke tabbatar da sahihancin adireshin da ka kira, sai ka sabunta `ca-certificates`. Tsofaffin na'urori da dama sun sha wannan bayan 30 ga Satumba, 2021, lokacin da tsohuwar shaidar DST Root CA X3 ta ƙare. Kada ka "gyara" 60 ta hanyar kashe `CURLOPT_SSL_VERIFYPEER`, wato daina duba shaidar, ina yawan ganin haka a ayyukan da ake kawo mini, kuma haɗari ne babba.

Tunda shafin oda ne, nan gaba Alhaji zai so a riƙa tura rasit ta imel. Kamfanonin haya da yawa suna rufe ƙofa ta 25 saboda masu wasiƙun banza, don haka ka saita 587 da sunan shiga da kalmar sirri tun yanzu.