Sabuwar waya ta daina caji: in buɗe ko in bari?

Oga, wani ya kawo Tecno da ya saya sati biyu da suka wuce, ta daina ɗaukar caji. Ya ce in canza mata ramin caji. In buɗe ta?

Ajiye sukudireban nan tukuna, yaro. Wayar sati biyu tana da garanti, kuma da zarar ka ɗaga murfinta ko ka yage tambarin da ke kan sukuru, kamfani zai ce an taɓa ta a waje. Kai ka ci kuɗin aiki kaɗan, shi kuma mai waya ka raba shi da gyaran kyauta na shekara guda.

Fara da abin da ba ya buƙatar buɗewa. Gwada ta da wata caja da wata igiya da ka yarda da su, domin sau da yawa igiyar ce ta tsinke daga ciki. Haska ramin cajin da tocila. Ƙura da zaren aljihu sukan cushe a ƙasansa, musamman lokacin hunturu, har kan caja ya kasa shiga sosai. Kashe wayar, ka zaƙulo dattin a hankali da tsinken sakace. Kada ka sa allura, ƙarfe yana lanƙwasa haƙoran ciki. Sannan ka jona ta ta mitar USB, 'yar na'urar da ke nuna ƙarfin wutar da waya ke ja. Lafiyayyar waya mai ƙarancin caji takan ja amfiya ɗaya zuwa biyu a kan bolt 5. In mita ta tsaya a 0.00 bayan duk wannan, ciwon na ciki ne, hannunka ya fita. In ka ga bayanta ya kumbura, batir ne, kada ma a sake jona ta da wuta.

Daga nan sai takardu. Ya kawo rasit da kwali. Danna *#06#, lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar mai lambobi 15, za ta fito, ka haɗa ta da wadda ke jikin kwalin da ta rasit. In sun saɓa, akwai matsala tun daga shago, kuma gara a sani yanzu.

Ka sanar da shi haƙƙinsa, don yawanci ba su sani ba. Dokar kare masu sayen kaya ta tarayyar Najeriya ta 2018, a sashe na 132, ta ce cikin wata uku da karɓar kaya, in aibi ya bayyana, mai saye zai iya mayar wa wanda ya sayar masa ba tare da ya biya komai ba. Shi kuma mai sayarwa ko ya gyara, ko ya canza, ko ya mayar da kuɗi. In aka gyara, cikin wata uku ciwon ya dawo ko wani ya ɓullo, ba sauran zancen gyara, sai canji ko kuɗi. Rubutun nan da ake bugawa a ƙasan rasit, wai kayan da suka fita ba sa dawowa, ba ya shafe doka. Ya fara da shagon, in ya fi son garantin kamfani ya je Carlcare, su ne masu gyaran Tecno da Infinix da itel. In an yi ta juya shi, ya kai ƙorafi hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, da hoton rasit da na kwali.

Amma kada ka zuga shi ba ka duba ba. Garanti ba ya ɗaukar fasasshen gilashi, ko wayar da ta sha ruwa, ko wadda aka yi wa filashin, wato sake mata manhaja, a waje. A cikin waya akwai 'yar farar takarda da ke komawa ja in ruwa ya taɓa ta, ita za su fara dubawa. Tambaye shi gaskiya, kada ya je ya sha kunya. Wayar da wani ya riga ya yi amfani da ita kuwa, wadda ake ce wa ta Landan, galibi garantin kamfani ya riga ya ƙare mata, shi ya sa kwanakin gwajin da mai shago ya yi alkawari ya kamata su kasance a rubuce.

Kafin ya miƙa ta, ya kwashe hotuna da lambobinsa, domin masu gyara sukan goge komai, ya cire layi da memori. Ya karɓi takardar shaidar ajiya mai ɗauke da IMEI da kwanan wata da bayanin halin da gilashi da jikin wayar suke ciki.