Tambaya da Amsa: Rufe makaranta ranar zaɓe ne ke kashe karatun yaranmu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, sannu da ƙoƙari. Ni uwa ce, yarana uku duk makarantar gwamnati suke. Kwanan nan suka dawo min da 'yar takarda wai ba karatu saboda zaɓe, don a makarantarsu ake kafa rumfa. Abin da ya ƙona min rai shi ne 'ya'yan maƙwabciyata da ke makarantar kuɗi ko a jikinsu, su suna ta zuwa abinsu. Don Allah ba irin wannan ba ne ya sa makarantun gwamnati suka koma baya? Kuma wai dole sai a makaranta za a yi zaɓe, duk faɗin gari ba wani wuri? Ni fa har na fara tunanin cire su.

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana su ya yi musu albarka. Haushinki yana kan hanya, amma ina ga ba a kan mai laifin ya sauka ba, bari mu bi abin a hankali.

Maganar me ya sa sai makaranta, wannan amsarta gajeriya ce. Hukumar zaɓe tana neman gini ne wanda kowa a unguwa ya san inda yake ba sai an yi masa kwatance ba, wanda tsoho da mai ciki za su iya takawa da ƙafa, mai fili, wanda ba gidan wani ba ne kuma ba ofishin wata jam'iyya ba, sannan ba za a biya haya ba. Ki duba unguwarku da kyau, gini nawa ne ya cika waɗannan sharuɗɗan? Kusan ko'ina a duniya amsar ɗaya ce, firamaren gwamnati. Kuma rumfunan ba kaɗan ba ne, Najeriya kaɗai tana da sama da 176,000, Indiya kuwa a zaɓen 2024 sun haura miliyan ɗaya. A Ingila ma har doka ce, tun dokar zaɓe ta 1983 an ba jami'in zaɓe damar ya karɓi ɗaki a makarantar da gwamnati ke ba kuɗi ya yi amfani da shi kyauta, makarantar kuɗi ba ta shiga ciki. To kin ga daga inda bambancin da kike gani tsakaninki da maƙwabciyarki ya samo asali, ginin gwamnati ne gwamnati ta ari kayanta.

Abin da ke raba ƙasashe shi ne ranar da suka zaɓa. Faransa da Jamus ranar Lahadi suke yi, ba ruwansu da wannan ciwon kai. Najeriya Asabar. Ingila sun saba Alhamis. Amurka kuwa Talata ce a watan Nuwamba, tun wata doka ta 1845, lokacin da manomi zai kwana a hanya a kan doki kafin ya isa wurin jefa ƙuri'a, har yau ba su canza ba. Su ne suka fi kowa shan wannan muhawarar, musamman bayan harbin da aka yi a firamaren Sandy Hook a Disambar 2012, iyaye suka ce sam ba za a buɗe ƙofa baƙi ɗari ɗari suna shige da fice yara na cikin aji ba. Kwamitin da shugaba Obama ya kafa kan harkar zaɓe ya ba da shawara a 2014 cewa a ci gaba da amfani da makarantu, amma a mayar da ranar ta zama ranar horar da malamai, yara su zauna gida. Ki riƙe wannan shawarar, zan dawo kanta.

Yanzu ga lissafin da nake so ki yi da kanki. Shekarar karatu a yawancin ƙasashe tana tsakanin kwana 180 zuwa 200, Amurka galibi 180, Ingila 190. Kwana ɗaya cikin 180 ko kashi ɗaya cikin ɗari bai kai ba, rabin kashi ne da 'yan kai, kuma zaɓen ba kowane zango yake zuwa ba. Wallahi in da wannan ne kaɗai abin da yaranmu ke rasawa da mun yi sadakar godiya.

Kuma akwai wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba, rufe makaranta gaba ɗaya na kwana ɗaya daban, yaro ya yi fashin kwana ɗaya shi kaɗai daban. Wani masanin tattalin arziki, Joshua Goodman, ya bi bayanan ɗaliban jihar Massachusetts ta Amurka inda dusar ƙanƙara kan tilasta rufe makarantu, ya ga ranakun da aka rufe wa kowa kusan ba su taɓa sakamakon jarrabawa ba, amma ranakun da makaranta ke buɗe wasu suka zo wasu ba su zo ba su ne suka yi ɓarna, musamman a lissafi. Duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san dalili. In an rufe wa kowa, malami zai ɗaga darasin yau ya kai gobe, ya matse wani abu can gaba, shi ke nan. In kuwa goma suka yi fashi cikin hamsin, ko dai ya koma baya ya ɓata wa arba'in lokaci, ko ya wuce ya bar goman nan a baya, kuma lissafi kamar gini ne, in bulo ɗaya ya zame na sama ba ya zama. Shi ya sa ni a ganina makarantar da ta ce za ta buɗe ranar zaɓe don nuna ƙwazo, alhali rabin iyaye na tsoron tura yaransu kuma rabin malamai na kan layin ƙuri'a, ta fi wadda ta rufe a fili yin asara.

To amma kar ki ɗauka ina wanke zaɓe ne tas. Matsalar ita ce da wuya ya tsaya a kwana ɗaya, yana zuwa da jela. Ki ɗauki Kenya a 2022, zaɓe ranar 9 ga Agusta, amma ministan ilimi na lokacin George Magoha ya sa aka sallami yara tun 2 ga wata, ba zato ba tsammani, aka sa ranar komawa aka ɗaga, aka sake ɗagawa ana jiran sakamako, yara suka shafe kusan sati biyu a gida, kuma a shekarar da dama an matse kalanda ana ƙoƙarin rama abin da korona ta ci. A Najeriya zaɓen shugaban ƙasa na 2023 ranar Asabar ne 25 ga Fabrairu, ranar da dama ba karatu, amma duk da haka aka ba da umarnin rufe jami'o'i daga 22 ga Fabrairu zuwa 14 ga Maris, sati uku cur, ga ɗaliban da ba su daɗe da fitowa daga yajin aikin ASUU na wata takwas ba.

Sai kuma malamai. A ƙasashe da yawa su ne ma'aikatan zaɓen, don su ne masu ilimin da ake samu a kowane lungu kuma suna cikin albashin gwamnati. Dokar ilimi ta Indiya ta 2009 ta hana a ɗauki malami a sa shi aikin da ba na koyarwa ba, amma ta bar ƙofa uku, ƙidayar jama'a, agajin bala'i, da zaɓe. Kin ga ƙofar zaɓen nan ba ƙarama ba ce, akwai horo kafin, akwai rajistar masu zaɓe, akwai rabon kaya, duk a ranakun aiki, kuma a rajistar makaranta ba wanda zai rubuta cewa an rufe, a takarda makaranta na buɗe.

Ni kaina na taɓa shiga wata firamare safiyar farko bayan zaɓe lokacin ina aikin duba makarantu, ba zan manta ba. Bencuna duk a waje an jibge su ƙarƙashin bishiya inda jama'a suka zauna jiran ƙirga, uku sun karye, teburin malami ya sha tawadar dangwale har ta zubo gefe, an manna takardar sakamako a kan allo da irin gam ɗin da ba ya fita, ban ɗaki kuwa kar ma a yi magana. Yaran aji biyar da shida ne suka yi ta jido da shara har aka tashi tara, bayan tara kuma malamai biyu ba su dawo daga cibiyar tattara sakamako ba. Ranar nan a takarda an yi karatu. Kuma ba wanda ya zo ya biya kuɗin benci ko ɗaya, hedimasta ne ya nemo kafinta da kuɗin aljihunsa.

Wannan ne ya kawo mu ga ainihin tambayarki, me ya sa makarantun gwamnati suka koma baya. Ranakun da ke kashe karatu ba a aiko miki takarda a kansu. Akwai wani bincike da masanan Bankin Duniya da na jami'ar Harvard suka yi, aka wallafa a 2006, suka riƙa dira makarantun firamare ba sanarwa a ƙasashe shida, Bangaladash, Ekwado, Indiya, Indonesiya, Peru da Uganda. A tsakaice kashi 19 cikin ɗari na malamai ba sa nan, Indiya kashi 25, Uganda 27, kuma a Indiya kusan rabin malaman ne kawai aka tarar suna koyarwa a lokacin. Ki yi lissafi, kashi 19 na kwana 180 ya haura kwana talatin a shekara, kowace shekara, ba sau ɗaya a shekara huɗu ba. Ba ina zagin malamai ba ne fa, ni ma daga cikinsu na fito, mutumin da albashinsa bai kai shi ƙarshen wata ba ko ya yi wata biyu bai ga komai ba dole ya nemi wata sana'ar ya haɗa, kuma wanda aka ba yara tamanin a ɗaki ɗaya ko yana nan tsaye gadi yake ba koyarwa ba.

Sakamakon kuwa a bayyane yake. Rahoton da Bankin Duniya da UNESCO da UNICEF suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi kashi 70 cikin ɗari na yara 'yan shekara goma ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su gane abin da yake cewa, kafin korona ma kashi 57 ne, a Afirka kudu da Sahara kuwa ya kusa kashi 90. Da yawansu kullum suna sa yunifom suna tafiya. Ba ranar zaɓe ce ta yi musu haka ba. Dogon rufewa shi ne mai barin tabo, a Ajantina an bi mutanen da yajin aikin malamai ya ci musu kusan kwana 88 a firamare, aka ga har bayan sun girma abin da suke samu ya ragu da kashi biyu zuwa uku cikin ɗari. Ga kuma batun kuɗi, ƙasashen duniya sun amince a Incheon ta Koriya ta Kudu a 2015 cewa a riƙa ware kashi 15 zuwa 20 na kasafi ga ilimi (kashi 26 ɗin nan da ake yawan jingina wa UNESCO ba shi ne a yarjejeniyar ba), ki duba kasafin inda kike ki ga ko an kusanta.

Abin da ya kamata ku nema, ke da sauran iyaye, ba wai a daina zaɓe a makaranta ba, wannan ba zai yiwu ba kuma in an kai rumfa nesa talaka ne zai kasa zuwa. Ranar zaɓe ana saninta tun da shekara, to a sa ta cikin kalandar makaranta tun farkon shekara a matsayin hutu ko ranar horar da malamai kamar yadda kwamitin Amurkan nan ya ce, tunda dama akwai irin waɗannan ranakun, sai a jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya ba a rage wa yara komai ba. A tsaya a kwana ɗaya, in ya yi yawa biyu. A ce wa hukumar zaɓe ta karɓi aji a rubuce ta mayar da shi a rubuce yadda ta same shi. A taron PTA ki tashi ki tambayi hedimasta kai tsaye, ranka ya daɗe wace rana za a rama, kuma malamai nawa aka ɗauka aikin zaɓe, wa zai riƙe ajinsu? In aka ga iyaye na ƙirge ana shiga taitayi.

Batun cire su kuwa, kar ki yanke hukunci a kan takardar nan. Makarantar kuɗi ma suna suka tara, akwai mai kyau akwai wadda bambancinta da ta gwamnati fenti ne da motar ɗaukar yara. Ga gwajin da ba zai ci miki ko sisi ba. Yau da daddare ki ɗauko littafin lissafi da na Turancin kowannensu, ki bi shafi shafi ki ƙirga ranakun da aka rubuta kwanan wata a sama tun farkon zangon nan, ki ga nawa ne malami ya sa jan biro a kai, sannan ki gwada da yawan ranakun da suka fita gida da sunan makaranta. Bayan haka ki ba na tsakiyan wani ɗan rubutu da bai taɓa gani ba ya karanta miki a bayyane, ki tambaye shi me aka ce. In kin samu dama ki roƙi maƙwabciyar taki ta ara miki littafin ɗanta na aji ɗaya da naki ki yi masa irin ƙirgan. Abin da kika samu ki rubuto min, da ajin da kowannensu yake, sai mu ga ko cirewar ce mafita ko kuwa malamin darasi na yamma ya wadatar.