Hukuncin zuwa hutu tsibiran Fiji da shan kava a wurin tarbar baƙi

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina da hutun aiki a watan Yuli, ina so in ɗauki maiɗakina mu je tsibiran Fiji da ke tekun Pasifik mu yi mako biyu. Wani abokina ya ce haramun ne Musulmi ya je ƙasar da ba ta Musulmi ba don shaƙatawa kawai. Na kuma ji cewa a ƙauyukansu ana tarbar baƙo da wani abin sha wai shi kava, kuma ƙin sha raini ne. Mene ne hukunci, kuma yaya za mu yi da salla?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Asalin tafiya halas ne, hukuncinta kuma yana bin abin da aka je yi. Allah Ya yi umarni a wurare da yawa cikin Alƙur'ani da a yi tafiya a bayan ƙasa a yi lura. Malaman da suka hana zuwa irin waɗannan ƙasashe sun rataya hanin ne a kan tsoron kada mutum ya kasa bayyana addininsa ko ya faɗa cikin fitina. Abokinka ya riƙe hanin ya bar dalilinsa.

Fiji kuwa ba wurin da Musulmi yake ɓoye sallarsa ba ne. Kimanin kashi 6 cikin 100 na mutanenta Musulmi ne, yawancinsu jikokin 'yan ƙwadagon da Turawan Ingila suka kwaso daga Indiya tsakanin 1879 da 1916 don noman rake. Ƙungiyarsu ta Fiji Muslim League tana nan tun 1926, tana da masallatai da makarantu, kuma ranar Maulidi hutu ce ta ƙasa. Akwai masallatai a Suva babban birni, da Lautoka, da Nadi inda jirginku zai sauka. Don haka tafiyarku ta halatta, da sharaɗi guda: ku zaɓi masauki da idon basira. Manyan otal-otal na bakin teku ba sa rabuwa da giya da masu wanka kusan tsirara. Ganin farko ba laifi, amma wanda ya biya kuɗi ya shimfiɗa tabarma a tsakiyarsu ba zai ce tsautsayi ne ba. Ku nemi wurin da yake da keɓaɓɓen bakin ruwa, ko ku sauka cikin gari kusa da masallaci ku riƙa fita yawo da rana.

Sai kava, wadda su suke kira yaqona. Saiwar wani tsiro ce dangin masoro, ana busar da ita a daka, a jiƙa da ruwa a tace. Ba a tsima ta, babu barasa a cikinta. Tana sa harshe da leɓe su yi nauyi, jiki ya saki, wanda ya sha da yawa kuma sai kasala da barci su rufe shi, ƙafafu su ƙi ɗaukarsa sosai. Imam Alƙarafi a littafinsa Alfuruƙ ya rarrabe abubuwan da ke taɓa hankali gida uku: mai sa maye tare da nishaɗi irin giya, da mai gurɓata hankali ba tare da wannan nishaɗin ba, da mai kwantar da mutum har gaɓoɓinsa su daina ji. Na farko najasa ne, kaɗan da mai yawansa haramun ne, kuma akwai haddi. Biyun ƙarshe a wurin Malikawa masu tsarki ne, babu haddi, abin da aka haramta shi ne gwargwadon da zai taɓa hankali. Bisa siffar da aka bayyana, kava ba ta shiga gidan farko. Saboda haka ba zan ce kurɓi ɗaya giya ba ne, wanda ya faɗi haka ya yi gaggawa. Amma zama a yi ta zagaya ƙoƙo har jiki ya mutu, wannan haramun ne, kuma Abu Dawuda ya ruwaito daga Ummu Salama cewa Annabi (SAW) ya hana duk mai sa maye da mai kashe jiki. Shawarata gare ka ita ce ka bari, domin ba ka san ƙarfin haɗin ba, ba ka kuma san ƙarfin jikinka a kanta ba.

Maganar raini tana da magani. Al'adar da suke kira sevusevu ita ce baƙo ya miƙa wa sarkin ƙauye damin saiwar don neman izinin shiga, kamar yadda ake kai goro gidan mai gari. Ka gaya wa ɗan jagoranku tun kafin a zauna cewa ba ka sha saboda addini, ya isar da uzurinka cikin ladabi. Miƙa kyautar ba laifi. Suna son baƙo ya cire hula a cikin ƙauye, kuma cirewar ba ta saɓa wa shari'a. Mayafin maiɗakinka kuwa ba ya cikin ciniki. Su kansu suna so mace ta rufe kafaɗa da gwiwa, ke nan ta riga ta wuce abin da suke nema.

A abinci Allah Ya yalwata muku: duk abin da yake rayuwa a teku halas ne, kamar yadda aya ta 96 ta Suratul Ma'ida ta nuna, kuma hadisin Muwaɗɗa ya ce ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa halas. Alwala da shi ta inganta. Ku yi hattara da lovo, wato gashin rami, domin sau da yawa ana haɗa alade a rami ɗaya da kaza da kifi. Yankan mabiyin addinin Hindu ba ya halatta, sai ku nemi mahautan Musulmi.

Alƙibla a can tana yamma ne, ta ɗan karkata arewa, kada sabo ya juya ka gabas. Agogonsu yana gaban na Nijeriya da awa 11, kuma da yake gabas za ku yi ta nufa, lokutan salla za su riƙa riskarku da sauri a jirgi. Ku bi ranar inda kuke, ba agogon gida ba. Za ku yi ƙasaru a hanya, amma da zarar kun yi niyyar kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya sai ku cika salla, kuma Juma'a ta hau kanka idan masallaci bai wuce mil uku ba. Yawancin Musulmin can Hanafawa ne, ka bi limaminsu ba tare da waswasi ba. Yuli kuma lokaci ne mai kyau, domin guguwar teku tana zuwa ne daga Nuwamba zuwa Afrilu.

Wallahu a'alam.