Amsa ga mai tambaya kan haɗa motar kara

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce ka tuna motar karan da yara ke turawa a lungunan Tudun Wada da Sabon Garin Gusau, ka haɗa wa ɗanka irinta, amma kwana biyu ta wargaje, tayoyin ma suka ƙi juyawa. Daga karan matsalar take farawa.

Motar kara abar kaka ce. Idan an yanke dawa wajen Nuwamba zuwa Disamba, aka jibge kara a ƙofar gida don danni da girki, lokacin ne 'ya'yan 'yan dako da leburori da ma'aikatan reluwe ke samun kayan aiki kyauta. Karan dawa za ka nema, wanda ya bushe ƙayau, ruwan sama bai taɓa shi ba. Ɗanyen kara yana bushewa totuwarsa za ta motse, duk tsinken da ka soka ya yi sako-sako. Na bara kuwa ka danna shi da farce, in ya loɓa, cikinsa ya mutu. Karan gero siriri ne, rufi kawai za a yi da shi.

Ka yanki dogaye biyu masu taƙi biyu-biyu, ka bar su da ɓawonsu, su ne ƙashin bayan motar. Sai gajeru uku masu taƙi ɗai-ɗai da za su gitta. Ka ɓare ɓawon wani karan da reza, ka tsaga siri-siri, ka fiƙe bakin, ka sami ƙusarka ke nan. Inda akwai ɓawo ka fara huda da ƙusar ƙarfe mai zafi, in ba haka ba karan zai tsage. Kowace mahaɗa tsinke biyu, a karkace, ɗaya na kallon gabas ɗaya yamma. Tsinke ɗaya juyawa yake yi, shi ya sa taka ta sake. Kuma don Allah kada ka bar wa yaro ɓarar nan, ɓawon kara yana yanka yatsa kamar aska.

Taya kuma tsohon silifas ya fi sakaina, don sakaina fashewa take yi a kan tsakuwa. Ɗora ƙaramin gwangwanin tumatir ka zana, ka yanka guda huɗu. Kafin ka huda, yanki takarda daidai girman tayar, ka ninka gida huɗu. Inda layukan suka haɗu nan ne tsakiya. Hudar ta kauce ko kaɗan, motar za ta riƙa ɗingishi. Ka karɓi wayar ƙafar keke biyu wurin mai gyaran keke, ka zura kowace cikin bututun biro, ka ɗaure bututun a ƙasan motar da robar tayar keke. Bututun ne ake ɗaurewa tamau, wayar a bar ta tana wasa a ciki. Tsakanin taya da jiki ka bar faɗin ɗan yatsa, ka sa hudajjen marfin kwalba, don gugar jiki ita ke tsayar da taya.

Sitiyari shi ke raba gwani da ɗan koyo. Bututun gaba a kan wani guntun kara daban ake ɗaure shi, a riƙe guntun da ƙusa ɗaya tak a tsakiya don ya iya karkata. Sai dogon kara da ya kai cibiyar yaro a ɗaure a kansa, a lanƙwasa waya zagaye a sama.

Manyan yara kan wuce nan su koma motar langa-langa, wato ƙarfen da ake ɗaure dilar auduga da shi. Gusau garin auduga ne, ga layin dogon da ya wuce har Ƙaura Namoda tun 1929, don haka a da ba a rasa shi. Ta fi ƙarko, amma tana son filaya da guduma, bakinta kuma da kaifi. Ɗanka ya fara da ta kara.

In an gama wasa a rataye ta a ƙusa cikin ɗaki. A tsakar gida akuya za ta tattaune ta, a ƙasa kuma gara ba ta jinkiri.